Yadda ake wanke wurin wankan ɗalibai bayan wasannin motsa jiki

Duk wanda ya taɓa riƙe gidan kwanan ɗalibai ya san wannan lokacin. An busa usur an tashi daga fili, saura kamar minti 40 a kira magariba, yara sun kwaso a guje da bokitai, kowa sharkaf da gumi, ƙafa buɗu-buɗu. Kafin ka ankara yara 60 ko 70 sun bi ta cikin ɗakunan wanka guda 8. Abin da suka bari a baya shi ne namu: laka, kumfa, gashi, ledar omo, soson da wani ya manta, da zarnin waɗanda suka ga masai ya yi musu nisa.

Na daɗe ina koyar da wasanni ina kuma riƙe da gida guda a wata sakandaren maza ta kwana. A shekarata ta farko abin da na iya bai wuce a watsa ruwa a yayyafa Izal ba, ƙamshi na tashi sai a ce an gama. Damina na sauka sai ga yara suna ɗingishi, tsakanin yatsunsu ya yi fari ya dare, cin ruwa ke nan. Ma'aikacin asibitin makarantar ne ya shiga da ni wurin wankan ya ce in shafa daɓen da yatsa. Na shafa, na ji yauƙi kamar miyar kuɓewa. Ashe duk Izal ɗin da nake saye a kan wannan yauƙin yake kwanciya. Kitso da kwarkwata nake yi.

Abin da ya kamata ka sani kafin ka ɗauki tsintsiya kaɗan ne. Abin da ke kawo cin ruwa da makero dangin funfuna ne, yana zama a cikin ɓurɓushin fatar da ke zuba daga jikin mutum, kuma ba abin da yake so kamar danshi. Yauƙin nan na ƙasa, wanda daga baya gansakuka take fitowa a kansa, haɗin sabulu ne da dauɗar jiki, shi ne mafakarsa, shi ne kuma yake cinye ƙarfin maganin da ka zuba kafin ya kai ga ƙwayar cutar. Saboda haka aikin hawa uku ne kuma ba a juya su: a goge, a sa magani, a busar.

Kayan aiki

Bokitan roba 5. Bokitin fenti mai cin lita 20 ya fi, saboda da shi za ka yi awo. Kada ka haɗa Hypo a bokitin ƙarfe, yana cin sa.

Tsintsiyar kwakwa guda 2, ɗaya doguwa ta jan ruwa, ɗaya wadda ta riga ta cinye ta yi gajarta. Kar ka yar da tsohuwar tsintsiya, ta fi sabuwa iya kankare daɓe.

Burushi mai tauri mai doguwar mariƙa, da ƙarami na hannu don bango da lungu.

Garin sabulu, ko wane iri. Idan babu, sabulun soda da aka yayyanka aka jiƙa tun rana yana yi.

Ruwan bilic, wato Hypo ko Jik. A Nijar shi ne ake ce wa jabel. Duba jikin robar, yawanci za ka ga an rubuta 3.5%.

Robar lemo mai 60cl, wankakkiya, a yi mata alama a ajiye don awo kawai.

Safar hannu ta roba mai kauri, da takalmin roba ko silifas wanda ƙasansa bai sule ba.

Wayar ƙarfe kamar kamu ɗaya, a lanƙwasa bakinta ya zama ƙugiya.

Gwangwanin madara mai murfi, a huda tsaga a murfin, don reza.

Abin jan ruwa mai bakin roba. Idan ba a samu ba, a buga tsohon silifas ko yankin taya a jikin guntun katako a sa masa sanda. Namu shekara biyu ya yi muna amfani da shi.

Tocila, domin yawancin wuraren wankan nan ko dai ba ƙwan lantarki ko kuma ba wuta.

Waɗannan kayan na wurin wanka ne kaɗai. Ka ɗaura musu ƙyalle ja ko ka shafa musu fenti. Tsintsiyar da ta shiga masai ba ta shiga wurin wanka, wadda ta shiga wurin wanka kuma ba ta shiga ɗakin kwana. Yara ba sa kiyaye wannan sai sun ga alama da ido.

1. Tsara masu aiki da lokaci

Yara 4 da monita ɗaya sun isa ɗakuna 8 cikin rabin sa'a. Rubuta jadawali ka manna a ƙofa, kowa ya san ranarsa tun farkon zango. Ana wanki ne bayan mutum na ƙarshe ya fito, ba kafin wanka ba. Idan lokaci ya ƙure, a yi sallar magariba a dawo, amma kada a bar shi ya kwana. Dattin da ya kwana da danshi sai ka yi aiki ninki biyu kafin ya fita.

A nan zan faɗi ra'ayina, ko da wasu abokan aiki ba za su so ba. Kada ka mayar da wankin banɗaki horo. Ranar da ka ce wanda ya makara shi zai wanke, ka koya wa yara cewa aikin wulaƙanci ne, kuma wanda aka wulaƙanta watsa ruwa kawai zai yi ya gudu. Haka nan kada ka bari siniyoyi su jibge shi a kan 'yan aji ɗaya. Yaro ɗan shekara 11 ba shi da ƙarfin kankare daɓe, ba shi kuma da bakin hana babba shiga yana tsakar aiki. A kowane rukuni ina haɗa manya biyu da ƙanana biyu, kuma makon farko ni da kaina nake naɗe ƙafar wando in riƙe burushi. Mai ciwon asma da mai buɗaɗɗen ciwo a hannu ko ƙafa, ba su wani aikin, kamar ɗebo ruwa.

2. Keɓe ruwa tun kafin a fita fili

Wannan shi ne kuskuren da ya fi kowanne yawa. Yara suna gama wanka tanki ya ƙare, masu aiki su zo su tarar da famfo yana huci. Masu aikin ranar su cika bokitai 5 su kulle a sito kafin a tafi wasa. Ɗaya na sabulu, uku na ɗauraya, ɗaya na magani.

3. Buɗe ko'ina, a tsince

Buɗe ƙofofi da tagogi duka. Haska lungu da bakin magudana da tocila kafin kowa ya sa hannu, musamman da bazara da farkon damina, don kunama tana son sanyin wurin. Sannan a sa safar hannu a tsince leda, guntun sabulu, soso, tsumma. Idan babu safar hannu, a zura hannu cikin leda biyu a ɗaure a wuyan hannu.

Reza ba a ɗaukarta da hannu, ko da safa. A share ta a kan guntun kwali a juye cikin gwangwanin nan. Ciwon hanta nau'in B yana bin jini, kuma ƙwayarsa tana iya kai mako guda da ranta a jikin abin da jini ya bushe a kai. Shi ya sa ma nake hana aron reza gaba ɗaya.

Idan akwai bulo ko katako da yara suke ɗorawa su taka don gudun ruwan da ya kwanta, a fitar da shi waje. Juya shi ka ga ƙasansa, za ka gane inda warin yake fitowa. Katako kam a yar da shi, ba ya wankuwa.

4. Fara da magudana

Mutane suna barin magudana sai ƙarshe, su goge ko'ina tas, sannan ruwan datti ya ƙi wucewa ya dawo musu. Aikin baban giwa. Da ita ake farawa. Zura ƙugiyar wayar ka jawo gashi da zaren soso da leda, a zuba a shara. Kada a tura su ciki da sanda, gaba za su je su toshe inda hannu ba ya kai. Zuba ruwa kofi biyu ka gani, idan ya wuce da sauri to madalla.

Sai ka zagaya bayan ginin ka duba inda ruwan yake fita. Sau da yawa cikin ba shi da laifi, kwatar waje ce ta cika da yashi da ciyawa. A yashe ta da shebur. Ruwan da ya kwanta a bayan wurin wanka gidan sauro ne, kuma da zafi kwana 7 zuwa 10 sun ishe shi daga ƙwai ya zama mai cizo. Idan makarantar ba ta da ramin zuƙe ruwa, a haƙa rami kamar mita ɗaya zurfi da faɗi, nesa da rijiya, a cika shi da fasassun bulo da tsakuwa, a karkata kwatar ta zuba ciki. Yara goma da diga biyu sun gama shi a safiyar Asabar.

5. Watsa ruwa, sa sabulu, goge

Fara watsa ruwa zalla a kore laka da fitsari. Sannan a kaɗa garin sabulu kamar cikin tafin hannu biyu a bokiti. Yara suna son kumfa, gani suke yawanta shi ne tsafta, alhali ruwan ɗauraya kawai take ci. Watsa ruwan sabulun a bango da ƙasa, a ba shi minti 5 ya jiƙa dattin.

Daga sama ake farawa. Bango daga daidai kafaɗa zuwa ƙasa, domin nan ne ruwan jiki yake fantsama, ka lura za ka ga wani layi mai duhu daidai gwiwa. Bayan bango sai ƙasa, daga lungun da ya fi nisa ana tahowa wajen magudana. Wurare uku ne yara suke tsallakewa kullum: inda bango ya haɗu da ƙasa, bayan ƙofa, da kewayen bakin magudana. Ba wa ƙananan yaran burushin hannu ka ce waɗannan wuraren ne nasu. Idan tayil ne, a bi layin da ke tsakaninsu, nan baƙin yake maƙalewa. Kada a manta da barandar da ake tsayawa jiran layi da dakalin da ake ajiye kaya, don nan ma ana takawa ba takalmi.

Ta yaya za ka san ya fita? Ido ba ya nunawa, hanci ma haka. Kore kumfar da ɗan ruwa ka shafa da yatsa. Idan ka ji kaushin siminti, ko tayil ya yi ƙara a ƙarƙashin yatsa, ya yi. Idan akwai santsi, a sake.

In sabulu ya yanke, kuma yana yankewa, je kicin ɗin makaranta ka ɗebo toka. Tankaɗe ta, haɗa da yashi mai laushi, barbaɗa a jiƙaƙƙen daɓe a murza da gajeriyar tsintsiya. Toka tana yanka maiƙo, yashi yana kankarewa, a kan siminti ma ni na fi son su a kan sabulu idan gansakuka ta kama. Amma banda tayil, yashi yana karce shi, datti kuma ya samu wurin zama. Sannan a kwashe yashin da hannu ko shebur, kada a kora shi cikin bututu.

6. Ɗauraya sosai

A ɗauraye daga sama zuwa ƙasa, ana kora ruwan da doguwar tsintsiya zuwa magudana, har kumfa ta ɗauke. Da kofi ko moɗa ake watsawa da ƙarfi, ba a tuntsurar da bokiti gaba ɗaya. Sai a ja ragowar ruwan da abin jan ruwa. Idan ka bar ruwa kwance, zai sirka maganin da za ka zuba ya rage masa ƙarfi.

7. Haɗa maganin

Wannan matakin babba ne yake yin sa, kai ko ma'aikacin tsafta. Robar Hypo ba ta kwana a hannun ɗalibai.

Ƙarfin da Hukumar Lafiya ta Duniya take ba da shawara don goge wurare shi ne 0.1%. Idan bilic ɗinka mai 3.5% ne, awo ɗaya ke nan a cikin awo 34 na ruwa. A sauƙaƙe, robar lemo mai 60cl, a ɗan rage kaɗan daga wuyanta, a cikin bokitin fenti mai lita 20. Idan ƙaramin bokiti ne mai lita 10, rabin robar. Idan garin kulorin ne irin na tace ruwa, mai ƙarfin 65% zuwa 70%, cokalin cin abinci ɗaya shafaffe a lita 10, a motsa a bari farin ya kwanta a yi amfani da ruwan sama.

Ruwa ake fara zubawa, sannan magani. Ruwan sanyi, ba mai zafi ba. Kullum sabo ake haɗawa, domin wanda ya kwana ko ya sha rana ƙarfinsa ya tafi ko da warin yana nan. Robar kanta a ajiye ta a inuwa da murfi a rufe.

Ga gargaɗin da nake so ka riƙe ko da ka manta sauran. Ba a haɗa Hypo da komai sai ruwa. Kada a haɗa shi da Harpic ko wani abin wanke masai mai asid, kada a haɗa da ruwan batir da wasu suke sawa don cire tabo, ko ruwan kal, ko lemun tsami. Haɗuwarsu tana fitar da iskar kulorin, wadda take ƙona ido da maƙogwaro da huhu. Haka idan aka zuba shi a kan fitsarin da ya taru, wata iskar mai shaƙe mutum take tashi, shi ya sa sai an ɗauraye tukuna. Izal da Dettol ma kowanne shi kaɗai ake amfani da shi. Na taɓa samun wani monita mai himma da ya juye Hypo da abin wanke masai a bokiti guda don wai ya fi ƙarfi. Allah ya taimaka ƙofa a buɗe take, amma yara biyu sun kwana suna tari. Idan haka ta faru, kowa ya fita iska nan take, kada a tsaya ɗaukar bokitin. Wanda ya fantsamar masa a ido a yi ta zuba masa ruwa mai tsabta na minti 15, wanda numfashinsa ya yi nauyi a kai shi asibiti ba jira.

Ƙara yawan magani fiye da awo ba ya ƙara tsafta. Hannu yake ci, ya ci ƙarfen famfo, ya ƙarar maka da na wata guda cikin mako.

Idan babu Hypo sam, Izal ya fi babu, a bi awon da ke jikin robarsa. Idan shi ma babu, kada ka damu ƙwarai. Gogewa mai kyau da bushewa sun ɗauke mafi yawan aikin. Wurin da aka goge ba magani ya fi wurin da aka zuba magani ba gogewa.

8. Zuba, a jira

Watsa maganin da kofi a ƙasa duka da gindin bango, a baza da tsintsiya ya taɓa ko'ina. Tsoma tsumma a goge kan famfo, sakata, mariƙin ƙofa, da ƙusa ko igiyar da ake rataye tawul. Sai kowa ya fito a ba shi minti 10 yana jiƙe. A nan ake yawan yin asara, a zuba a bi shi da ruwa nan take, an yi ba a yi ba. Sa yaro ɗaya ya tsaya a ƙofa, don a daidai wannan lokacin ne wani zai taho da buta yana cewa shi alwala kawai zai yi.

Bayan minti 10 a ɗauraye duk abin da yake ƙarfe, in ba haka ba tsatsa za ta kama shi. Ƙasa kuma a bi ta da ruwa kaɗan.

Idan an samu jini, amai ko bayan gida a wurin wanka, awon dabam ne. Ana haɗa mai 0.5%, wato awo ɗaya na Hypo da awo 6 na ruwa. A fara kwashe ƙazantar da kwali ko shebur a kai masai, a wanke wurin da sabulu a ɗauraye, sannan a zuba maganin a bar shi minti 10. Wannan ba aikin yara ba ne. Idan kuma yaro fiye da ɗaya ne ke amai da gudawa a gidan, sanar da asibitin makaranta a daren, kada ka jira safiya.

9. Busarwa

Ja ruwan duka zuwa magudana. Inda daɓe ya lotsa ruwa yake taruwa, a tsane shi da tsumma, ka kuma rubuta wurin don a cike shi da siminti lokacin hutu. Bar ƙofofi da tagogi a buɗe, a tokare da dutse. Da hunturu kafin a gama karatun dare ya bushe ƙayau. Da damina kuwa, watan Agusta musamman, sai ka yi da gaske. Abin da nake yi shi ne in raba ɗakunan biyu, a rufe rabi yini guda su sha iska, gobe a juya. Layi yana ƙara tsawo, yara suna gunaguni, amma ɗingishi yana raguwa. Idan wurin wankan marar rufi ne, kada ka yi gaggawar neman a rufe shi duka. Rana ma'aikaciya ce da ba a biyanta albashi.

10. Wanke kayan aiki da jiki

A wanke burushi da tsintsiya da tsumma, a tsoma su cikin ragowar maganin na ɗan lokaci, a ɗauraye, a jingine su kai sama inda iska take. Bokitai a kife. Tsumman da aka dunƙule aka jefa a lungu gobe shi ne zai fi ko'ina wari. Masu aiki su wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, su wanke ƙafa su tsane. Nakan ajiye musu ruwan wankansu dabam, ba adalci ba ne wanda ya wanke wa mutane wuri ya kwana da datti.

Aikin Asabar

Sau ɗaya a mako, kafin zagayen duba tsafta, a ƙara da abin da ba a samu yi kullum: bango har sama, yanar gizo-gizo, ƙofofi ciki da waje, da kwatar baya. Inda akwai shawa, a kwance kanta a duba. Ruwan burtsatse yakan bar farin ɓawo ya toshe hudojin. A jiƙa kan a ruwan kal ko ruwan lemun tsami na 'yan sa'o'i, a tsokace hudojin da allura, a ɗauraye sosai. A waje ake yin wannan, nesa da bokitin Hypo. Abin wanke masai mai asid kuma kada a zuba shi a daɓen siminti don cire tabo, yana cinye fuskar simintin ya bar shi da ramuka, daga nan kuma ba ka ƙara rabuwa da gansakuka.

Rabon yaran

Ko ka wanke wuri ya zama kamar faranti, yaro ɗaya mai cin ruwa da ya shiga ba takalmi ya sake shuka maka. Saboda haka akwai dokokin da nake karantawa a daren farko na kowane zango.

Ba a shiga wanka ba silifas. Bayan wanka a tsane tsakanin yatsun ƙafa ɗaya bayan ɗaya kafin a sa takalmi, kuma haka bayan alwala, don ƙafar da take jiƙa sau biyar a yini ba ta bushewa da kanta a cikin kambas. Ba aron tawul, ba aron soso, ba aron mataji. Ƙazuwa ba daga daɓe ake ɗaukarta ba, daga jiki ne zuwa jiki da kuma tufafi da shimfiɗa, maruru da makero su ma suna bin tawul da kayan aski. Tawul da soso a shanya su a igiya a waje, ba a kan ƙarfen gado ko cikin akwati ba. Rigar wasa da safa a wanke su a ranar, kambas a zare igiyarsa a buɗe bakinsa a sa a rana. Wanda bai da safa biyu ya wanke ɗayar da dare, da hunturu kafin asuba ta bushe.

Fitsari a wurin wanka shi ne yaƙin da ba ya ƙarewa. Tsawa ba ta yi mini aiki ba kamar yadda limamin makaranta ya yi, ranar da ya karanta musu hadisin da ya hana mutum yin fitsari a inda yake wanka, ya kuma tambaye su yadda za su yi da ruwan da ya fantsamo musu daga ƙasa. Amma ka duba masai ɗin ma. Idan yana da nisa, ko duhu, ko ƙazanta, wa'azi ba zai kai yaro can da dare ba.

Ranar Asabar ina jera su a baranda kowa ya buɗe yatsun ƙafa da na hannu, in kuma duba kai. Wanda na ga alama a jikinsa ba na faɗa a gaban 'yan uwansa, sunansa nake rubutawa in kira shi daga baya, in ba haka ba gobe sun laƙaba masa suna, na gaba kuma ya ɓoye nasa. A tura su asibitin makaranta. Cin ruwa yana jin man shafawa idan aka dage makonni, amma makeron kai sai da maganin sha, shafawa kaɗai ba ta kashe shi. Ƙazuwa kuwa duk waɗanda suke cuɗanya ake yi wa magani rana ɗaya, a wanke kayansu da ruwan zafi, abin da ba ya wankuwa a ɗaure a leda a ajiye kamar mako guda. Ka hana su sayen man nan mai haɗi uku da ake sayarwa a kemis don kowane irin ƙaiƙayi. Akwai sinadarin da ke kwantar da ƙaiƙayin a cikinsa, sai yaro ya zaci ya warke alhali abin yaɗuwa yake.

A makarantar mata matakan duk ɗaya ne, sai ƙari biyu da wata abokiyar aiki mai kula da ɗalibai mata ta nuna mini. Ranar tsifa da wanke kai magudana sau biyu ake buɗe ta, kuma dole a ajiye bokiti mai murfi da leda a ciki don audugar mata, a wurin da yarinya za ta jefa ba tare da kowa ya gani ba. Idan babu shi, a bututu za ka same ta.

Idan ruwa ya yi wuya

Watan Maris da Afrilu rijiya takan ja baya, injin burtsatse kuma ya zaɓi lokacin ya lalace. Kada a daina wanki, a rage shi ne. Ruwan ɗaurayar kayan wanki a tara shi a yi gogewa da shi, tunda da sabulunsa. Ruwa mai kyau a bar shi don ɗauraya ta ƙarshe da haɗa magani. Maganin kuma maimakon watsawa, a huda murfin robar ruwa da allura a riƙa fesawa, lita 5 sai ta ishi ɗakuna 8. Tsincewa da buɗe magudana da barin ƙofa a buɗe ba sa cin ruwa ko ɗigo, su kam ba uzuri.

Ranar dawowa daga hutu

Kwana biyu kafin ɗalibai su dawo, shiga da ma'aikata. Ruwan da ya yi makonni a tanki da bututu cikin zafi ba a wanka da shi. A zubar, a wanke cikin tankin, a sake cikawa, a buɗe kowane famfo da shawa su zuba na wasu mintuna, kai kuma ka tsaya a waje kada ka shaƙi feshin. Duba magudana da sanda kafin hannu, don wurin da ya yi shiru wata guda ba ka san wanda ya tare a ciki ba. Inda daɓe ya lotsa da ka rubuta tun damina a cike shi yanzu, siminti yana buƙatar kwanaki kafin ya sha ruwa. Sannan a bi matakan nan daga na 3 zuwa na 10, a manna sabon jadawali a ƙofa, sunan sababbin ɗalibai kuma a bar shi sai mako na uku, bayan sun ga yadda ake yi.